Daga Doka Zuwa Gashin Doki

'Yan'uwana mata, abin da ya sa na ɗauki biro a kan wannan magana shi ne kan autarmu. Ranar wata Asabar ce ta dawo Daura hutu daga jami'a, tana aji uku, kuma an riga an kawo kuɗin gaisuwarta. Kwana biyu tana yawo a tsakar gida da hula a ƙarƙashin ɗankwali, alhali gidanmu babu wani namiji baƙo da za a ce shi take ɓoye wa. A rana ta uku kakarmu Iya ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ɗauko kibiya, ta ce, "Zo nan kishiyata, in ga abin da za ki kai wa mijin namu." Auta ta yi ta noƙewa, amma dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da hular ta fita sai duk muka yi shiru. Gaban kan ya cinye tun daga saman kunnen dama har na hagu, wajen faɗin yatsa uku, tsakiyar kuma ga ɓawon amosani fari fat da ƙananan ƙuraje. Auta ta sa kuka. Iya ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ta, "Yaushe rabon da wata ta zauna ta duba miki kan nan?" Ta ce tun hutun da ya wuce, wata huɗu ke nan.

Wannan tambaya ta Iya ita ta tsaya mini a rai, har na shiga bin tsofaffi da littattafai ina son in gane yadda aka yi muka zo nan.

An haifi Iya a zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, kuma a zamaninsa aka yi mata aure. Ta ce a lokacinsu kitso ba aikin sauri ba ne, yini guda ake ware masa. Da hantsi a tsefe kai da kibiya, sannan a jiƙa karkashi, shi ɗin dai da muke miya da shi, a tace yauƙinsa a wanke gashin. Yauƙin nan shi ke sa gashi ya warware ba tare da mataji ya tsinka shi ba. Wasu da ganyen magarya suke wankewa, a daka a kaɗa shi har ya yi kumfa, wasu da sabulun salo. Bayan nan mace ta zauna a rana ko a iska kan ya bushe sarai, kafin a kawo man shanu ko man kaɗe. Sai da la'asar makitsiya za ta sa hannu. Manyan mata su yi doka, wato a tara gashi a tsakiyar kai a kitsa shi bisa wani ɗan matashi na tsumma har ya tashi kamar tozo, wasu su shafe shi da shuni ya yi baƙi yana ƙyalli. Da ganin kan mace ka san ko budurwa ce, ko amarya, ko mai jego, ko mai takaba. In Sallar Gani ta matso kuwa, wadda duk ƙasar Hausa an san mu da ita, to makitsiya ba ta da barci.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan hidima ba mace ke yi wa kanta ba. Kai wuri ne da mai shi ba ta gani. Dole ki ɗora shi a cinyar wata, uwa ko gwaggo ko kishiya ko maƙwabciya, ita kuma tana tsaga layi-layi tana kallon fatar. In ƙwarƙwata ta yi ƙwai ita za ta fara gani. In makero ya fara zana da'irarsa a kan yarinya, ita za ta kira uwar gefe ta faɗa mata. Ashe kitson nan da muke ɗauka ado ne kawai, har da duba lafiya a cikinsa, duk sati biyu ko uku, ba tare da an yanki kati ba.

Amma kada mai karatu ta ɗauka ina cewa da can komai lafiya lau ne. Wallahi a'a. Man shanu in ya kwana biyu a kai cikin zafin bazara warinsa ba ya ɓoyuwa. Ƙwarƙwata ta yi sarauta a gidaje da yawa. Yaron da ƙora ta kama, aska ake sa wa a kankare, a shafa abin da ya samu, wani ya warke wani ya tashi da tabo har tsufa, domin maganin sha na gaskiya mai kashe wannan cuta, griseofulvin, sai wajen 1958 likitoci suka fara ba mutane shi a duniya ma baki ɗaya. Ita kanta dokar ba ta bar kowa haka nan ba, zan dawo kan wannan.

Canji na farko makaranta ce ta kawo shi. A 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, tare da ta Kano, amma 'ya'yan fada da na manya ne suka fi shiga. Sai da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976 sannan 'ya'yan talakawa mata suka fara cika azuzuwa, har a Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa. Daga nan wasu suka wuce makarantun kwana. Doka ba ta shiga aji, don haka aka koma ƙananan kitso, shuku da zane da kalaba. Ni ma na yi makarantar kwana, kuma duk abin da zan faɗa a kanta, abu guda ba zan hana ta ba. Kowane sati akwai kitson da aka yanka wa kowa, ranar Asabar mu zauna layi a barandar ɗaki, wannan ta yi wa waccan, ranar Litinin a duba kai da farce. Muna jin haushin abin a lokacin, muna zagin firifet a ciki. Yanzu na gane cewa makarantar ta ɗauko aikin gwaggo ne ta ba mu mu yi wa juna. Matsalarmu ɗaya ce, mataji guda sai ya zagaye ɗaki, shi ya sa in ƙwarƙwata ta shiga gado ɗaya sai ta gaisa da kowa.

Tun da na ambace ta bari in tsaya kaɗan. Ƙwarƙwata ba ta tashi sama, ba ta tsalle, rarrafe take yi daga kai zuwa kai, ko ta bi ɗankwali da matashi da hijabin aro. Ba ruwanta da mai tsabta ko ƙazama. Sahabin Manzon Allah (SAW) ma, Ka'abu bin Ujrata, ta dame shi a shekarar Hudaibiyya yana cikin harami, har aka yi masa izini ya aske ya yi fidiya. To mene ne abin kunya? Amma kunyar nan ita ke sa 'yan mata su ƙi zuwa asibiti, su sayo fiya-fiya su zuba a kai su ɗaure da leda. Guba ce da fata ke sha. A 2019 wata mai bautar ƙasa a Jihar Osun ta rasu bayan ta zuba irin wannan maganin ƙwari a gashinta, kuma a shekarar ce hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Akwai maganin da aka yi domin kan mutum, irin su permethrin, a shafa a wanke, a sake bayan kwana 7 zuwa 10 saboda ƙwan da ya ƙyanƙyashe, a kuma wanke ɗankwali da rigar matashi da ruwan zafi. Shi ke nan.

Canji na biyu daga nesa ya taso, daga Amurka. Jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka sun rasa karkashi, sun rasa man kaɗe, sun rasa yinin kitso, kansu ya lalace. Akwai wata baƙar fata mai wankau, Sarah Breedlove, wadda aka haifa a 1867, gashinta ya zube saboda ciwon fatar kai. Ta haɗa wani man shafawa mai farar wuta a ciki, ta shiga gida-gida tana koya wa mata wanke kai a kai a kai, ta yi suna da Madam C. J. Walker, ta zama hamshaƙiyar attajira kafin rasuwarta a 1919. Kun ga ita ciwon kai ta fara nema wa magani. Amma a ƙasar da ake raina gashi mai murɗiya, kasuwar da ta fi ci ita ce ta miƙar da shi. Aka yi matajin ƙarfe da ake gasawa a wuta. Wani mai gyaran keken ɗinki, Garrett Morgan, ya gano wani haɗi mai miƙar da gashi, ya kafa kamfaninsa a 1913. Sannu a hankali abin ya zama rilaksar da muka sani, ya tsallako Legas, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Mahaifiyarmu ta ce a Daura a kan matan ma'aikata da nas-nas da malaman makaranta ta fara ganin sa, kafin ya zama ba a kai amarya sai an kai ta salun.

Shin kun san abin da ke cikin roba ɗin nan? Mai ƙarfin cikinsu sodar da muke haɗa sabulu da ita ce, wadda in ta ɗiga a hannu take ƙuna. Wadda aka rubuta wa babu soda ita ma 'yar'uwarta ce a ƙarfi. Aikinta ta karya ƙullin da ke cikin silin gashi wanda ya sa shi murɗewa, in ya karye gashin ya miƙe, amma ya rasa ƙarfinsa har abada, sai dai sabo ya tsiro. Shi ya sa masu abin da kansu suka ce a shafa wa sabon tsiro kawai, a bar aƙalla sati 8 tsakani, kada ya taɓa fata. Mu kuwa fa? Daga tushe har baki, duk wata, mai shafawa tana cewa ki daure, in bai yi zafi ba bai ci ba. Washegari ki tashi gashi ya manne da ruwan ƙuna. A watan Oktoba 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin mata 33,497 na kusan shekara 11. Suka ƙiyasta cewa a cikin waɗanda ba su taɓa amfani da man miƙar da gashi ba, kashi 1.64 cikin 100 ne za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70, a cikin masu yi fiye da sau 4 a shekara kuwa kashi 4.05. Masu binciken sun ce alaƙa suka gani, ba su yanke hukuncin cewa shi ne sanadi ba, kuma cutar ba mai yawa ba ce. Duk da haka ni dai da na karanta sai da na dafa marata.

A nan dole in faɗi laifinmu, mu marubuta. Tun da finafinan Indiya suka shigo silimun Arewa idonmu ya saba da gashi mai zuba kamar ruwa, mu kuma muka kwashe shi muka zuba a littafi. Ku ɗauko littattafan soyayya goma, ku nuna mini tauraruwa guda mai gajeren gashi mai tauri irin na yawancinmu. Kowace gashinta har gadon baya, baƙi wuluk, mai santsi, in ta cire ɗankwali saurayi ya rasa inda zai sa kansa. Mai ɗan guntun gashi kuwa ita ce muguwar kishiya ko 'yar aiki. Ni da hannuna na rubuta haka ba sau ɗaya ba, kuma Auta tun tana firamare take satar littattafaina tana karantawa a bayan ɗaki. Ranar da na ga kanta sai na ji kamar da birona aka tsige shi.

Sai canji na uku, wanda muke ciki. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kuma a shekarun baya-bayan nan manyan makarantu suka matso kusa da mu. Al-Qalam a Katsina a 2005, jami'ar jiha wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ta tarayya a Dutsin-ma a 2011, a nan Daura kuma aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019, aka aza harsashin jami'ar sufuri a Disambar shekarar. Alhamdu lillahi, abin da ni ban samu ba ƙannenmu sun samu. Amma 'yar jami'a ba ta da gwaggo a kusa, ba ta da firifet, ba ta da yini guda na banza. Lakca tun bakwai na safe, ga girki a risho, ga jarrabawa. Ruwa kuwa, Auta ta ce a ɗakin kwanansu famfo sai ya ga dama, har suna kiran sa Kusugu, wai kamar yadda labari ya ce macijiya ta hana mutanen Daurama ɗiba sai ranar Juma'a, su dai har yanzu suna jiran Bayajiddansu. Wadda ta sayi jarka ɗaya da kuɗin abincinta, da wanne za ta ji, wanka ko girki ko wankin kai?

To sai dabara ta zo, a yi kitson da zai kai wata biyu ko uku. Kitso ba ya daɗewa sai an ja shi, sai an ƙanƙanta shi, sai an ƙara masa zaren ulu ko gashin doki. Maganar ƙarin gashi a addini sananniya ce, hadisi ya yi hani mai tsanani a kanta, ku tambayi malamanku na Islamiyya. Ni abin da ya shafi fata zan faɗa. Kowane silin gashi yana da ɗan ramin da yake tsirowa, kuma na gaban goshi da saman kunne su suka fi rauni. In aka ɗaure musu nauyi ana ja dare da rana, sai bakin ramin ya yi ja, ya fito da ƙananan ƙuraje, gashin ya tsinke. In aka sassauta da wuri zai dawo. In aka ci gaba shekara da shekaru sai ramin ya toshe da tabo, fatar ta yi sumul tana ƙyalli, kuma daga nan babu man da zai tsirar da komai, ko na Chadi ne ko na Dubai. Wata likitar fata a Afirka ta Kudu, Farfesa Nonhlanhla Khumalo, ta duba kan jama'a a unguwar Langa ta birnin Cape Town, ta buga sakamako a 2007. Ta samu irin wannan cinyewar a kashi 17.1 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, da kashi 31.7 na manyan mata, kuma ta nuna cewa haɗarin ya fi yawa in aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Abin da Auta ta yi ke nan daidai, ta sa rilaksa ranar Alhamis, ta kai kai kitso ranar Juma'a, ta sha Panadol ta kwanta. Garin neman gira aka rasa ido.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Hijabi sutura ce, ba shi ya ci gashin kowa ba. Abin da muke yi a ƙarƙashinsa ne. A wanke kai da asuba a ɗaure shi jiƙe da ribom, a ɗora acuci, a ja hula mai roba daidai kan layin goshi, a fita cikin rana har magariba. Danshi da gumi da maiƙo, ga abin da amosani ke so ke nan, domin wani ƙwayar naman gwari ne da ke zaune a fatar kowa yana cin maiƙo, in ya samu wuri sai ya yi yawa. Mu kuma da mun ga farin ɓawo sai mu ce kai ya bushe, mu ƙara lafta masa mai. Akwai shamfu mai ketoconazole da ake barin sa minti 5 a kai kafin a ɗauraye, sau biyu a sati, shi ya fi mai amfani a nan. Kuma tun da kan a rufe yake, ƙawa ba ta gani, uwa ba ta gani, mai shi ma sai ta ƙi duba madubi. Har ma wankan tsarki abin ya shafa, domin sauƙin da aka yi wa mace na kada ta kwance kitso, malamanmu na Malikiyya sun ɗaure shi da sharaɗin ruwa ya ratsa har fata.

Ba kowace zubewa ce ta kitso ba, kada a tsorata. Kan mutum yana ɗauke da sili wajen 100,000, kuma 50 zuwa 100 suna faɗuwa kullum, shi ya sa ranar tsifa za ki ga dunƙule a mataji, tarin na makonni ne. Mai jego, ko wadda ta tashi daga taifot, ko mai ƙarancin jini, gashinta kan zube sosai bayan wata 2 zuwa 3, kuma yawanci yana dawowa da kansa in jiki ya murmure. Wanda ke bin layin goshi da saman kunne, mai zuwa da zafi da ƙuraje bayan kitso, shi ne wanda ba ya son jira.

Na ce zan dawo kan doka. Da daren ranar da aka buɗe kan Auta ta ƙi cin tuwo, sai Iya ta kira ta ɗaki, ni ma na bi. Ta kwance kallabinta a gaban fitila, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabanmu ba. Gefen kanta duka biyun sumul ne kamar bayan ƙwarya. Ta ce, "Kin ga nawa. Ba tsufa ba ne, tun ina goyon uwarku yake haka. Makitsiyarmu hannu ne da ita kamar maƙera, in ta ja sai girarki ta ɗaga, mu kuma muna jin daɗi wai doka ta tsaya. Uwar mijina ta yi ta ce mini in sassauta, na ce tsohuwa ce ba ta san yayi ba."

Sati na zagayowa na kai Auta wajen likitan fata a Katsina. Ya duba da wani ɗan madubi mai fitila, ya nuna mini inda ƙananan gashi ke nan kamar na jariri, ya ce nan akwai rai. Wani ɗan wuri a saman kunnen hagu kuwa ya ce kada mu sa rai sosai. Ya rubuta shamfu da maganin shafawa, ya hana rilaksa da ƙari da duk kitson da zai sa ta ji zafi, ya ce gashi wajen santimita ɗaya yake yi a wata, saboda haka mu ba shi wata shida kafin mu yi hukunci. Iya ta yi mata manyan kalaba guda shida sakwa-sakwa, ta ƙulla mata garin karkashi a leda, ta ba ta tsohuwar kibiyarta. Da ta koma makaranta suka yi yarjejeniya da wata 'yar ɗakinsu mutuniyar Ɓaure, duk Asabar ta biyu su haɗa kuɗin jarka biyu, wannan ta tsefe wa waccan ta wanke ta duba, su zauna a baranda har ya bushe.

An ɗaga bikin zuwa bayan babbar Sallah saboda jarrabawarta. Da ta zo hutun nan na sa ta a gaba na duba da kaina. Gefen dama ya cike har ana iya kama shi a kitso. Na hagu akwai wuri kamar faɗin yatsa biyu da bai motsa ba, ta koyi kwanto da gashin sama a kansa.